Ɗan Kasuwa Ya San Nauyin Buhu, Shin Ya San Nauyin Kansa?

Babu sana'ar da ta dogara da awo kamar kasuwanci. A kasuwannin kan iyaka, tun daga Jibiya da Illela da Maigatari, zuwa Birnin Ƙonni da Gaya da Malanbil, har can Mubi da Kusiri, ɗan kasuwa ba ya rabuwa da mudu da tiya da yadi da sikeli. Dillalin hatsi zai dafa buhun wake ya girgiza shi sau ɗaya, ya gaya maka an zare tiya biyu a ciki. Mai canji ya san yadda sefa da naira suka kwana da yadda suka wuni. Dillalin dabbobi kuwa da ya shafa gadon bayan rago ya san ko kiwo aka yi masa ko ruwa aka cika masa ciki da shi. Amma a tsayar da ɗaya daga cikinsu a tambaye shi kilo nawa ne shi kansa, sai ka ga ya yi dariya. Da yawa rabonsu da hawa sikeli tun wata rashin lafiya da ta kai su asibiti shekarun baya, wasu kuwa ba su taɓa hawa ba.

Suturarmu ma tana taimakawa wajen rufa wannan asiri. Mai sa wandon Turawa, ranar da ya ƙara jiki wandon ne zai fara gaya masa. Wando mai mazagi kuwa ba ya tsegumi. Babbar riga da kaftani da zane da hijabi duk haka suke, mutum zai ƙara kilo goma a cikinsu, tela kaɗai ya sani.

Sannan ga yadda jama'a ke kallon abin. A wurinmu tumbi shaidar samu ce. Idan yaron shago ya buɗe nasa shagon, bayan shekara biyu ya fara ajiye teɓa, sai a ce kasuwa ta karɓe shi. Amarya idan ta yi wata shida ba ta murje ba, dangi su fara tambaya ko mijin yana kula da ita. Wanda ya rame kuwa, ko da gangan ya rage jiki, kafin mako ya zagayo an fara raɗe-raɗin ko jari ya karye, ko kuma wata cuta ce yake ɓoyewa. A kasuwar da ake ba da kaya bashi bisa amana, irin wannan raɗe-raɗi ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai ba ɗan kasuwa shawarar rage ƙiba ya kamata ya san da haka.

To sai dai kuma kowace kasuwa tana da labarin wani babban Alhaji ko wata Hajiya da aka wayi gari ɓarin jiki ya shanye, ko ciwon sukari ya ci ƙafa har aka yanke, shago ya koma hannun yara, masu bin bashi suka yi layi, waɗanda ake bi kuwa suka ɓace. Ƙiba mai yawa tana cikin manyan abubuwan da ke share wa hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 manyan mutane biliyan 2.5 ne nauyinsu ya wuce kima, daga cikinsu miliyan 890 sun kai matakin da likitoci ke kira ƙiba, kuma yawan masu ƙiba cikin manya ya ninka fiye da sau biyu daga 1990. A wannan shekarar dai, wasu manyan miliyan 390 ramammu ne ƙasa da kima. Ƙasashenmu suna ɗauke da kayan biyu a lokaci guda, wani lokaci ma a gida ɗaya.

Lissafin da wayar hannu za ta yi

Kilo kaɗai ba ya ba da labari. Kilo 85 a jikin dogon mutum daban yake da kilo 85 a jikin gajere. Shi ya sa likitoci ke haɗa nauyi da tsawo su fitar da lamba ɗaya, wadda za mu kira ma'aunin nauyi da tsawo. Mai zuwa asibiti a Nijeriya ko Gana zai ga an rubuta BMI a katinsa, a Nijar da Benin da Chadi kuwa IMC ake rubutawa, duk abu ɗaya ne.

Lissafin bai kai na canjin kuɗi wahala ba. A ɗauki nauyi da kilo, a raba shi da tsawo da mita, abin da ya fito a sake raba shi da tsawon. Alal misali, mutum mai kilo 85 da tsawon mita 1.70: a danna 85 a raba da 1.70, za a samu 50, a sake rabawa da 1.70, za a samu 29.4. Da mai wannan kilo 85 ɗin tsawonsa ya kai mita 1.80, lambarsa 26.2 ce. Da kuwa mita 1.55 ne, ta haura 35. Wanda ya saba da ƙafa da inci ya sani cewa ƙafa 5 da inci 7 shi ne mita 1.70, kuma tef ɗin tela yana da inci a fuska ɗaya, santimita a ɗaya fuskar. A cire takalmi da hula, a jingina da bango, wani ya ɗora littafi a ka ya yi alama, sai a auna daga ƙasa.

Bisa rabon Hukumar Lafiya ta Duniya, babban mutum da lambarsa ta gaza 18.5 ramamme ne. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai. Daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa an shiga ƙiba, kuma ita ma hawa-hawa ce, domin mai 40 ba ɗaya yake da mai 31 ba. Idan aka juya lissafin zuwa kilo, mai tsawon mita 1.60 daidai ɗinsa yana tsakanin kilo 47 da 64, mai 1.70 tsakanin 53 da 72, mai 1.80 kuwa tsakanin 60 da 81. Mai karatu zai lura tazarar tana da faɗi, kusan kilo 20. Babu wani kilo guda da aka ce dole kowa ya tsaya a kansa.

Yana da kyau a san inda wannan lissafi ya samo asali, don a san iyakarsa. Wanda ya fara fitar da shi a shekarun 1830 wani ɗan ƙasar Beljiyam ne mai suna Adolphe Quetelet, masanin lissafi da taurari. Shi ba likita ba ne, kuma ba marasa lafiya yake dubawa ba, yana neman siffar matsakaicin mutum ne a cikin al'ummar Turai. Sai a 1972 wani masani ɗan Amurka, Ancel Keys, ya gwada shi a kan mutane sama da 7,000 daga ƙasashe biyar, ya ga ya fi sauran lissafe-lissafe masu sauƙi kusantar gaskiya, ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yau. Duk waɗanda ya auna maza ne. Shi kansa ya nuna cewa ma'aunin ya fi dacewa da nazarin jama'a masu yawa a kan yanke wa mutum ɗaya hukunci.

Babban aibinsa shi ne bai san bambancin tsoka da kitse da ruwa ba, kamar sikelin da ba ya bambance buhun gero da buhun yashi. Ɗan dako da ke wuni yana sauke buhuna daga tirela, ko ɗan kokawa mai neman takobi, lambarsa tana iya kai 28 alhali babu kitse a jikinsa. Mai ciwon ƙoda ko zuciya ko hanta da ƙafafunsa suka kumbura, ruwa ne ya ƙara masa kilo. Mace mai juna biyu ba a yi mata wannan hukunci, kuma ba lokacin rage jiki ba ne. Yara suna da nasu jadawalin bisa shekaru da jinsi, ƙanana kuwa 'yan wata 6 zuwa shekara 5 iyaye mata sun san tef ɗin nan mai launi uku da ake naɗa musu a damtse, wanda ja ɗinsa ke farawa ƙasa da santimita 11.5. A watan Janairun 2025 wani kwamitin masana na duniya da mujallar likitoci ta Lancet ta tara ya fito fili ya ce kada a dogara da wannan lamba ita kaɗai wajen cewa mutum yana da cutar ƙiba, a haɗa da awon ƙugu da duba yadda gaɓoɓin jiki ke aiki.

Akwai kuma wani batu da ya shafe mu kai tsaye. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin aikin likita a Ingila, ta sauko da iyakar ga baƙar fata 'yan asalin Afirka da mutanen Asiya da Gabas ta Tsakiya: a wurinta nauyi ya wuce kima tun daga 23, ƙiba kuwa daga 27.5, saboda an lura ciwon sukari yana kama su tun ba su kai nauyin da yake kama Turawa ba. Asibitocinmu galibi da rabon Hukumar Lafiya ta Duniya suke aiki, amma mai lamba 24 da mahaifinsa ko mahaifiyarsa suka yi ciwon sukari, kada ya miƙe ƙafa ya ce ya tsira.

Igiya ta fi sikeli faɗin gaskiya

A ganina, da za a ce ɗan kasuwa ya zaɓi awo ɗaya tak, awon ƙugu ya kamata ya zaɓa. Mahauta sun san kitse iri biyu ne, akwai na ƙarƙashin fata, akwai wanda ke lulluɓe hanji da hanta. Na biyun shi ne mugun. Yana sa jiki ya daina jin maganar sinadarin insulin, wanda shi ne mabuɗin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka, sai sukarin ya taru a jini. Yana tara kitse a hanta, yana kuma tafiya tare da hawan jini. Shi ya sa za ka ga mutum siriri, hannu da ƙafa kamar sillen kara, sai tumbi a gaba kamar an kifa ƙwarya, lambarsa 24, amma haɗarinsa ya fi na wata mai ƙiba a cinya da ɗuwawu.

Ana auna ƙugu ne a tsakiyar haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, wato ɗan sama da cibiya, a kan fata ko riga marar kauri, bayan an saki numfashi, ba tare da an haɗiye ciki ba. Ba inda mazagi ke zama a ƙarƙashin tumbi ba, nan wurin yaudarar kai ne. Ga namiji, haɗari ya fara daga santimita 94, ya yi tsanani daga 102. Ga mace, daga 80, ya yi tsanani daga 88. Masu sayar da atamfa da shadda sai su riƙe shi haka: namijin da yadi ɗaya da inci ɗaya bai zagaye ƙugunsa ba, ya shiga layin farko. Wanda ba shi da tef kuwa ya samu igiya, ya yanke ta daidai tsawonsa daga ka zuwa tafin ƙafa, ya ninka ta biyu, ya zagaya ƙugu da ita. Idan bakin biyu suka haɗu, madalla. Idan suka ƙi haɗuwa, ƙugu ya wuce rabin tsawo ke nan, kuma ƙa'idar da likitoci ke bayarwa ita ce kada ya wuce.

Jiki ma yana ba da nasa labari kafin awo. Ciwon gwiwa da ke kai mutum ga yin salla a kan kujera tun bai tsufa ba, haki bayan ɗan hawa kaɗan, da minshari mai ƙarfi wanda numfashi ke ɗaukewa a cikinsa har iyali su tsorata. Wannan na ƙarshe yana hana barci ya yi daɗi, sai mutum ya wuni yana gyangyaɗi, kuma ga mai tuƙa kansa daga Maraɗi zuwa Kano ko daga Kwatano zuwa Gaya, gyangyaɗi a kan sitiyari ba wasa ba ne.

Rama da sha-ka-fashe

Kada a ɗauka maganar masu ƙiba kaɗai ake yi. Mai tsawon mita 1.75 da kilo 54, lambarsa 17.6 ce, yana ƙasa da kima. Wani haka Allah ya yi shi tun yana yaro, yana cin abinci, yana da ƙarfinsa, wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Abin tsoro shi ne ramar da ta zo ba a neme ta ba. Wanda ya zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a cikin wata shida zuwa shekara, misali mai kilo 70 ya koma 66, ba tare da ya canja ci ko aiki ba, asibiti ya kamata ya nufa. Tarin fuka yana yin haka, musamman idan akwai tarin da ya wuce mako biyu da zufar dare. Ƙanjamau da ciwon daji suna yi. Ciwon sukari shi kansa idan ya yi ƙarfi yana ramar da mutum, tare da ƙishirwa da yawan fitsari, don haka mai tumbin da ya ga yana zubewa haka kawai kada ya yi murna.

Nan ne kuma kasuwanninmu ke da laifi. A teburan masu magani da tiren masu talla ana sayar da ƙwayoyin da mata suka raɗa wa suna sha-ka-fashe, 'yan mata da amare suna saye don su yi ɓul-ɓul. Da yawansu deksametazon ne, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa don wasu cututtuka na ɗan lokaci, wasu kuma ruwan maganin buɗe ciki ne mai sa barci. Abin da deksametazon ke kawowa idan an daɗe ana sha shi ne fuska ta kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a wuya da ciki, hannu da ƙafa su sirance, fata ta yi zane-zane, sukari da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, jiki ya kasa yaƙi da cuta. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke shi rana ɗaya, domin hakan yana iya jefa ta cikin mummunan hali har da rasa rai. Ta je wurin likita ta faɗi gaskiya, a rage mata shi sannu a hankali. Mai sayar da irin wannan kaya ga 'yar mutane ya tambayi kansa ko zai ba tasa 'yar.

Kilo nawa za a nema?

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne wajen sa wa kansu buri. A ɗauki Alhaji mai tsawon mita 1.72 da kilo 95. Lambarsa 32 ce. Kafin ya sauko 24.9 sai ya zubar da kilo 21. Idan aka ce masa wannan ne sharaɗi, zai yi mako biyu yana wahala, ya hau sikeli ya ga kilo ɗaya, ya ce abin ba nasa ba ne. Ɗan kasuwa kuwa ya fi kowa sanin ba a biyan babban bashi rana ɗaya.

Abin da bincike ya nuna ya fi haka sauƙi. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, wato kilo 5 zuwa 9 da rabi ga wannan Alhajin, ya isa ya sauko da hawan jini da sukari da kitsen jini sauka mai ma'ana, ko da lambar ba ta bar layin masu nauyi ba. A wani babban bincike da aka yi a Amurka aka fitar da sakamakonsa a 2002, an ɗauki mutane 3,234 da sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. Waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, kamuwa da ciwon sukari ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin 100 a kimanin shekara uku, fiye da waɗanda aka ba ƙwayar magani. Wani binciken kuma na Birtaniya da aka buga a 2017 ya nuna kusan rabin masu ciwon sukari da bai wuce shekara shida a jikinsu ba, waɗanda aka rage wa nauyi sosai ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, sukarinsu ya dawo daidai ba magani bayan shekara guda. A lura da kalmar kulawa. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini ba ya ajiye shi da ra'ayin kansa, kuma ya sanar da likitansa kafin ya rage ci, don kada sukari ya faɗi ƙasa warwas. Gwiwa ma tana cin riba, domin kowane kilo ɗaya da aka sauke yana rage mata nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku.

Saurin da ya dace shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, ko ma ƙasa da haka. Kilo biyu a wata, wata uku a jere, an kai gaci na farko. Daga nan a tsaya a riƙe shi, domin riƙewar ta fi saukewar wuya.

Ina kilon yake shigowa? A bi ranar ɗan kasuwa daga safe. Teburin mai shayi: kofi babba, madarar gwangwani mai zaƙi, sukari ƙwaya biyar ko shida, burodi da ƙwai soyayye. Da hantsi wani baƙo ya zo daga nesa, a aika yaro ya kawo lemo biyu, mai shago ya taya shi sha. Da rana shinkafa da mai da yaji, ko taliya. Bayan azahar fura da nono da sukari, ana ɗaukarta abin sha alhali cikakken abinci ce. Da la'asar a ɗora butar shayi, zagaye uku, kowane da sukarinsa. Da magariba tsire ko balangu, a zaɓi mai kitse. A koma gida ƙarfe goma, uwargida ta ajiye tuwo, ba a isa a ƙi ci ba, mai mata biyu ma wani lokaci sai ya taɓa na ɗaya ɗakin don a zauna lafiya. Duk wannan a zaune, daga tabarma zuwa babur, daga babur zuwa kujera.

Sukarin sha shi ne wurin da ya fi sauƙin kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babban mutum, wato cokalin shayi 12, kuma idan an tsaya a rabin haka ya fi. Yawancin lemunan kwalba suna da kusan giram 10 a kowane mililita 100, ke nan kwalba mai santilita 35 tana ɗauke da kimanin giram 35. Mai shan biyu kullum, a shekara ya sha kilo 25 na sukari, rabin buhu cur, ban da na shayi da koko da fura. Zoɓo da kunun aya da lemun citta na ƙullin leda su ma ba a barin su a baya wajen zaƙi. Wanda ya mayar da lemo ruwa, ya rage ƙwayar sukarin shayi daga shida zuwa biyu a hankali har harshe ya saba, ya yi rabin aikin. Baƙo a ba shi lemonsa, karamci bai ce dole mai gida ya sha ba.

Na biyu shi ne mai. Giram ɗaya na mai yana ba da ƙarfin da ya ninka na giram ɗaya na hatsi fiye da sau biyu, kuma man gyaɗa da manja duk ɗaya suke a nan. Cokali uku da aka kwarara a kan shinkafa da wake sun kusa kai wani ƙaramin kwanon abinci. Sauran gyaran ba ya bukatar kayan kanti. Tuwon dawa da na gero da ba a surfe su fes ba, wake, ɗanwake, dambu da kwaɗon zogale ko rama, miyar kuka da kuɓewa da yakuwa, duk sun fi farar shinkafa da burodi da taliyar leda riƙe ciki. A yawaita miya da ganye, a rage malmala. A rage dunƙulen ɗanɗano, domin kusan rabinsa gishiri ne, alhali gishirin da aka yarda da shi a rana bai kai giram 5 ba, ƙasa da cokalin shayi ɗaya. Masu ci a tire ɗaya da abokan kasuwa kuwa, wuya ne mutum ya san abin da ya ci, sai dai ya ja wa kansa iyaka a gabansa tun kafin a sa hannu, ya kuma rage sauri.

Motsa jiki da ake nema minti 150 ne zuwa 300 a mako, wato aƙalla rabin awa sau biyar, tafiya mai ɗan sauri wadda numfashi zai ɗaga amma ana iya magana. Bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi ya fi dacewa da yanayinmu. A bar babur a gida idan kasuwa ba ta da nisa, a je karɓo bashi da ƙafa maimakon aiken yaro, mai jiran a sallami motarsa a bakin iyaka ya sauko ya zagaya. Gaskiyar magana dai, tafiyar rabin awa abin da take ƙonewa bai fi kwalbar lemo ɗaya ba, don haka ita kaɗai ba ta sauke kilo da yawa. Amfaninta yana wajen saukar da sukari da hawan jini da hana kilon da aka sauke dawowa.

Wasu suna jiran azumi ya yi musu aikin. Binciken da aka tattara ya nuna yawanci kilo ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi ke sauka a Ramadan, kuma yana dawowa cikin 'yan makonni bayan salla. Shayin rage tumbi da ake tallarsa da lasifika kuwa, galibi gudawa da fitsari yake sawa, ruwa ne ke fita, kitse yana nan. Akwai sababbin allurai na gaske irin su Ozempic da Wegovy da ke rage nauyi sosai, amma suna da tsada, likita ne ke rubuta su, kuma bincike ya nuna wanda ya daina yakan mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da ya sauke a shekara guda. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka kama a Barazil da Birtaniya da Amurka. Idan jabu ya shiga waɗannan ƙasashe, mai karatu ya fi ni sanin abin da zai iya ratsa kan iyakokinmu a cikin kwali.

Shafin ƙarshe na littafin bashi ya isa wurin ajiye lissafi: kwanan wata, kilo, da awon ƙugu. A hau sikeli sau ɗaya a mako, sikeli guda, da safe kafin a karya, da kaya marasa nauyi, domin babbar riga mai aiki ita ma tana da nata kilon. Sikelin buhu na kasuwa zai yi idan ba a taɓa shi ba. Bambancin kilo ɗaya ko biyu tsakanin yau da gobe ruwa ne da abin da ke ciki, abin dubawa shi ne inda lambar ta dosa a wata. Ƙugu kuwa sau ɗaya a wata ya wadatar, kuma sau da yawa yakan ragu ko a lokacin da sikeli ya tsaya cik.

A ƙarƙashin waɗannan a ƙara lambobi biyu da sai a asibiti ko babban kantin magani ake samunsu, kuma siriri da mai ƙiba duk suna bukatarsu aƙalla sau ɗaya a shekara, musamman wanda ya haura shekara 40. Awon jini idan ya kai 140 bisa 90 a ranaku daban-daban, hawan jini ne, a asibitocin ɓangaren Faransanci za a ce 14 bisa 9. Sukarin safe kafin a ci komai idan ya kai 126, aka sake aunawa wata rana ya sake kaiwa, ciwon sukari ne. Mai yawo tsakanin ƙasashe ya kula da wannan, domin takardar wani asibitin za ta nuna 126, ta wani ta nuna 7.0, ta Maraɗi ko Garwa kuma ta nuna 1.26, kuma duka ukun awo ɗaya ne.